ILMIN HAƊA KWAMFUTOCI: KIRA GA MALAMAI DA MA'AIKATAN OFIS

Duk wanda ya taɓa bin layi a banki ko a ofishin biyan albashi cikin garin Kaduna ya san maganar nan mai kashe jiki, watau "babu sabis". Akawu na zaune, kwamfuta na kunne, kuɗi na nan cikin asusu, amma aiki ya tsaya cik, don wata hanya wadda ba a ganinta da ido ta yanke a wani wuri. Jama'a su yi ta zaman jira har la'asar sakaliya, daga ƙarshe a ce su dawo gobe. In ka tambayi akawun abin da ya lalace, sai ya ce shi ma bai sani ba, an dai aika a kira mai gyara. To, a kan ilmin wannan mai gyara mu ke so mu yi magana yau. Za mu duba ko wane irin ilmi ne, da inda a ke koyonsa, da kuma dalilin da ya sa mu ke ganin ya wajaba malaman makaranta da ma'aikatan ofis su nemi rabonsu a cikinsa.

Abin da magabata suka gani

Ba yau ne farkon ranar da sabuwar hanyar sadarwa ta iske mutanen Arewa ba su shirya ba. A 1886 aka kawo wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku zuwa Ikko. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano, a 1917 kuma hedkwatar Arewa ta taso daga Zungeru ta dawo Kaduna. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya zo da guraben aiki: mai buga waya, da akawun tasha, da mai buga tafireta, da mai ajiye fayil. Amma da ya ke waɗanda suka yi karatun boko a cikinmu ba su da yawa a lokacin, sai aka ɗauki shekaru masu yawa ana nemo ma'aikata daga nesa.

Sai a shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta tashi haiƙan don cike wannan giɓi. Makarantar horon akawu ta Zariya ta zama Makarantar Koyon Mulki a 1954. A 1956 aka buɗe makarantar koyon sana'a ta Kaduna, wadda a 1968 aka haɗa ta da cibiyar horar da ma'aikatan gwamnati, suka zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Sashenta mai koyar da harkokin mulki da ciniki yana Unguwar Rimi har gobe. A unguwar kuma akwai titin da ke ɗauke da sunan Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, wanda ya riƙe Ministan Ilmi na Arewa a zamanin Sardauna. Ashe ke nan Unguwar Rimi ta daɗe da sanin aikin horar da ma'aikacin ofis.

Abin lura shi ne, ofishin da aka horar da waɗancan mutane dominsa ya sāke kama. An kawar da En'e, ƙananan hukumomi sun maye gurbinta tun gyaran 1976. Tafireta ta shiga sito. Takardar da a da masinja ke ɗauka a kan keke, yanzu ta cikin waya ta ke bi. Lambar BVN ta banki, wadda aka fara a 2014, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da albashin ma'aikata da yawa, duk ta wannan hanya su ke tafiya. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya a kan kwamfuta, a 2024 kuma hukumar WAEC ta fara yin haka ga masu zama jarrabawa don kansu. Watau makomar yaron da ya yi shekara 12 yana karatu tana iya ratayuwa a kan igiyar waya guda ɗaya cikin ɗakin jarrabawa.

Mene ne ƙa'idojin sadarwa?

Mutane da yawa na jin tsoron wannan ilmi don suna zaton sai wanda ya ƙware a lissafi mai zurfi. Alhali kuwa duk wanda ya san yadda gidan waya ke aiki ya riga ya san rabin maganar.

A ce malami a Unguwar Rimi zai aika wa ɗan'uwansa a Maraɗi littafi mai shafi 300, amma gidan waya ba ya karɓar kome sai ƙaramin ambulan. Dabarar da zai yi ita ce ya rarraba littafin shafi shafi, ya sa wa kowane shafi lamba, ya rubuta adireshin mai karɓa da nasa a bayan kowane ambulan. Wani ambulan ya bi ta Kano, wani ta Funtuwa, wani ya makara a Katsina. In sun isa, ɗan'uwan ya jera su bisa lamba. Idan ya ga babu shafi na 47, sai ya aiko a sāke turo masa shi kaɗai.

Haka intanet ke aiki, ba ragi ba ƙari. Kowane saƙo, ko wasiƙa ce ko hoto ko murya, ana yanyanka shi ƙunshi ƙunshi. Dokar da ke kula da adireshi da isar da ƙunshi ita a ke kira IP. Wadda ke sa lamba, ta jera, ta nemi a sāke aiko abin da ya ɓata, ita ce TCP. Waɗannan dokoki da ire-irensu su ne ƙa'idojin sadarwa, watau yarjejeniyar da dukan na'urorin duniya suka amince da ita don su fahimci juna, ko a Sin aka ƙera su ko a Amurka.

Adireshin na'ura lambobi ne huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowace daga 0 zuwa 255, kamar 192.168.1.1. Da ya ke mutum ba ya iya haddace irin waɗannan, sai aka yi wani babban littafin rajista mai suna DNS, wanda ke juya suna ya zama lamba. Sunayen da ke ƙarewa da .ng na Nijeriya ne, ƙungiyar NiRA ke kula da su. Akwai kuma na'ura mai suna rauta, ita ce kamar akawun da ke rarraba wasiƙu: ta duba adireshin ƙunshi, ta zaɓa masa hanya. Babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai tana ba sauran kuwa, ita ce uwar garke.

Asalin abin da yadda ya iso mu

Ran 29 ga Oktoba 1969 aka aika saƙon farko tsakanin kwamfutoci biyu a jihar Kalifoniya ta Amurka, a kan wata hanya mai suna ARPANET. Haruffa biyu kaɗai suka isa, na'urar ta tsaya. A 1974 waɗansu masana biyu, Vinton Cerf da Robert Kahn, suka wallafa tsarin da ya zama TCP da IP, ran 1 ga Janairu 1983 kuma aka mai da ARPANET a kansa. A 1989 wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, wanda ke aiki a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba, ya kawo shawarar tsarin shafuffukan da mu ke buɗewa yau.

Tsohon tsarin adireshi yana da gurbi kimanin biliyan 4 da miliyan 300. A da an zaci ba za su ƙare ba, sai ga shi a 2011 babbar ma'ajiyarsu ta duniya ta ƙare. Da ya ke an hango haka, tun kafin lokacin aka fito da sabon tsari, IPv6, wanda ɗalibin yau ba shi da makawa sai ya san shi tare da tsohon.

A nan gida, wayar salula ta GSM ta fara aiki a 2001. Manyan igiyoyin da ke ɗauko intanet daga ƙetare suna bi ta ƙarƙashin teku ne, mafi yawansu kuma a Ikko su ke sauka, kamar MainOne da Glo-1 a 2010, da Equiano a 2022. A cikinsu akwai zaren gilashi siriri kamar gashin kai, saƙo na gudu a cikinsa a siffar haske. Daga bakin teku sai a ja irin wannan igiya ɗaruruwan kilomita a gefen hanyoyin mota kafin ta iso Kaduna. Duk inda katafila ta tone ta, ko ɓarawo ya yanke ta, mu nan za mu ji a jikinmu.

Mun kuwa ji. Ran 14 ga Maris 2024 igiyoyi da dama suka lalace a teku daura da ƙasar Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi a Afirka ta Yamma suka shiga wahala kwana da kwanaki. Kafin wannan, a ƙarshen Satumba 2021, an rufe layukan waya a waɗansu sassan Jihar Kaduna saboda matsalar tsaro, har kusan wata biyu, mutane suka riƙa yin tafiya mai nisa don su aika saƙo ko su karɓi kuɗi. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa kayan sadarwa cikin jerin muhimman kadarorin ƙasa waɗanda doka ta ba kariya ta musamman. Irin waɗannan manyan al'amura ba su hannun akawu ko malami. Amma sau da yawa abin da ke tsai da aiki a ofis bai kai haka ba: kan igiya ne ya saki, ko na'urori biyu sun ɗauki adireshi ɗaya, ko tsawa ta ƙone rauta da damina. Waɗannan kuwa mai ɗan horo yana warware su kafin shayi ya huce.

Abin da a ke koyarwa

Kwas na ƙwarai yakan fara da hannu. A ba ɗalibi igiya, ya fere ta, ya ga siraran wayoyi takwas da aka murɗe biyu biyu, ya jera su bisa launi, ya matse musu kai, ya gwada. A nan zai koyi cewa irin wannan igiya ba a jan ta fiye da mita 100 ba tare da an sa wata na'ura a tsakani ba. Wanda bai san wannan ba yakan ja waya daga ofishin hedimasta har ƙarshen makaranta, sa'an nan ya yi ta mamakin abin da ya hana ta aiki.

Daga nan sai a shiga adireshi, da yadda a ke raba babban zango ya zama ƙanana, don kada kwamfutocin ɗalibai su riƙa leƙa na ofishin kuɗi. Wannan shi ne wurin da ke da ɗan lissafi, kuma a nan ne masu rauni su kan ja da baya, amma bai fi ƙarfin wanda ya iya ninkawa da rabawa ba. Sa'an nan a koyi saita rauta, da sadarwa marar igiya, da matakai bakwai waɗanda masana suka kasa aikin sadarwa a kansu. Amfanin matakan nan shi ne su koya wa mutum bin ɓarna daki daki. Ya fara tambaya, akwai wuta? Igiya na haɗe? Na'ura ta sami adireshi? Tana jin maƙwabciyarta? Kamar dai yadda malamin asibiti ba ya fara ba da magani sai ya ji zafin jiki.

Na ƙarshe shi ne tsaro. Ofishin da ke ajiye sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu, ko makarantar da ke ajiye sakamakon yara, amana ce ke hannunsu. Na'urar da aka bar ta da kalmar sirrin da ta zo da ita daga kanti daidai ta ke da baitulmalin da aka bar mabuɗinsa a jikin ƙofa.

Inda a ke koyo

Mutumin Kaduna ba shi da uzurin nisa. Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977, a nan Kaduna hedkwatarta ta ke. A farkon 2024 ta raba babbar diflomar kimiyyar kwamfuta gida huɗu, ɗaya daga ciki kuwa shi ne haɗa kwamfutoci da ajiyar bayanai a nesa, wani kuma tsaron bayanai. Wannan ya nuna hukuma ta yarda abin ya isa ya zama sana'a mai zaman kanta. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha, ga Jami'ar Jihar Kaduna wadda aka kafa a 2004 a kan hanyar Tafawa Ɓalewa, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ɗalibanta suka sha ciwo kyauta a gasar fasahar sadarwa ta duniya da kamfanin Huawei ke shiryawa. A Kano akwai reshen Digital Bridge Institute, makarantar da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta kafa a 2004.

Wanda aiki ba zai bar shi ya yi shekara biyu a aji ba, akwai gajerun kwasa-kwasai. Mafi shahara shi ne na kamfanin Cisco, wanda ya fara shirinsa na koyarwa a 1997 kuma ya ke haɗa kai da makarantu a ƙasashe da yawa. Ɗaya daga cikin sanannun takardun shaidarsa ita ce CCNA. Tun 2020 jarrabawa guda ce, takardar kuma shekara uku ta ke aiki, sai a sabunta ta. Kamfanin na ba da wata manhaja kyauta, Packet Tracer, wadda ɗalibi zai gina zango sukutum a kan allon kwamfuta, ya ɓata shi, ya gyara, ba tare da ya sayi na'ura ba. Akwai kuma takardar Network+ ta ƙungiyar CompTIA, wadda ba ta jingina da kayan kamfani ɗaya ba. A ƙarshen 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan 3 a fannonin fasahar zamani. Ban da waɗannan, ga ƙananan makarantu na 'yan kasuwa birjik a Unguwar Rimi da sauran unguwanni, kowace da allonta a bakin titi.

A yi hattara da masu sayar da takarda

A nan ne mu ke so mai karatu ya buɗe kunne. Cikin ƙananan makarantun nan akwai na kirki ƙwarai, akwai kuma waɗanda takarda kawai su ke sayarwa. Mun sha ganin saurayi ya zo neman aiki da satifiket mai ado da zinariya, a miƙa masa igiya ya sa mata kai, ya tsaya yana juya ta. Kuɗin mahaifinsa sun tafi, watanninsa sun tafi, kunya kuma ta biyo baya.

Saboda haka kafin mutum ya biya ko kwabo, ya je ya gani da idonsa, gani ya kori ji. Ya nemi a nuna masa ɗakin gwaji, ya ƙirga na'urorin da ke ciki, ya tambayi mutum nawa ke aji. Idan mutum 40 ne a kan rauta ɗaya, kallo za a yi. Ya tambaya ko awa nawa a ke yi da hannu a mako, da abin da a ke yi in wuta ta ɗauke. Ya bincika ko malamin ya taɓa yin aikin a waje, ko kuwa shi ma a littafi ya gani. Ya kuma rarrabe tsakanin takardar halarta, wadda makaranta ke bugawa da kanta, da takardar cin jarrabawa, wadda sai an zauna a cibiyar da aka amince da ita, an biya kuɗi dabam, galibi da dala. Duk wanda ya ce zai ba ka CCNA cikin mako biyu ba tare da jarrabawa ba, ko ya ce yana da tambayoyin jarrabawa na sayarwa, ka kama gabanka. Wanda ya haddace amsa ya ci, ranar da sabis ya ɗauke a ofis asirinsa zai tonu, don na'ura ba ta duba satifiket.

Turanci kuma ba abin gudu ba ne. Littattafan da umarnin na'urorin duk da shi a ke rubuta su, amma kalmomin da a ke maimaitawa ba su da yawa, malami nagari kuma yana iya bayyana ma'anarsu da Hausa sarai, kamar yadda muka gwada yi a sama.

Abin da ya rage ga shugabanni

Mu da aikinmu ya shafi zagaya makarantu mun san wani abin baƙin ciki. Sau da yawa a kan kawo kwamfutoci, a yi bikin buɗe ɗaki, a ɗauki hoto. Ɗan kwangila ya haɗa su ya tafi da sirrin saitinsu a kansa. Bayan wata shida abu kaɗan ya lalace, ba wanda ya san kansa, sai a sa kwaɗo a ƙofa, ƙura da gizo-gizo su gaje ɗakin. Dukiyar jama'a ce ta salwanta, yaran kuma ranar jarrabawa ce za su fara taɓa kwamfuta.

Maganin wannan ba shi da tsada in an gwada shi da kuɗin kayan. Shawararmu ita ce kowace babbar makaranta da kowace sakatariyar ƙaramar hukuma ta zaɓi mutum biyu daga cikin ma'aikatanta ta aika su horo. Mun ce biyu don in an yi wa ɗaya canjin wurin aiki kada a koma gidan jiya. A ba su lokaci, a biya musu kuɗin jarrabawa, su kuma su sa hannu cewa za su yi wa wurin aiki na waɗansu shekaru. Kada a karɓi aiki daga ɗan kwangila sai ya ba da taswirar igiyoyi da jerin adireshi da kalmomin sirri a rubuce, a sa su cikin fayil kamar kowace takardar gwamnati. Kwalejojin horon malamai, da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke nan Kaduna tun 1976, su ne suka fi cancanta su sa wannan darasi a gaba, domin malami ɗaya da ya iya zai koya wa ɗaruruwa. Kada kuma a manta da malamai mata. Aikin na bukatar natsuwa da haƙuri fiye da ƙarfin damtse, makarantun 'yan mata kuwa sun fi kowa bukatar mai gyara na cikin gida.

Ga malami ko akawu wanda shekarunsa suka ɗan ja, muna cewa kada ya ce wannan na yara ne. Wanda ya iya ajiye rajista ba kuskure, ya san kowace takarda da inda za ta, ya riga ya mallaki halin da wannan sana'a ke nema. Magabatanmu sun koyi tafireta da gajeren rubutu suna da iyali, ba su ji kunyar komawa aji ba, da haka suka karɓi ofisoshin ƙasarsu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke da niyya ya tafi makaranta mafi kusa da shi cikin wannan mako, ya nemi a nuna masa ɗakin gwaji, ya yi tambayoyin da muka zana.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma ba mu ikon aiki da shi. Amin.